Zaɓen na'urar intanet ta gida: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi a Kwandiko

Magidancin da ya yanke shawarar sayen rauta, wato na'urar nan da ke rarraba intanet a cikin gida ba tare da waya ba, yakan yi haka ne da fatan zai rabu da jan ƙafar da sabis ke yi masa a wayar salula. To sai dai a gari irin Kwandiko, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin jihar Jigawa, tsadar na'ura ko girman lambar da aka buga a jikin kwalinta ba su ne ke tabbatar da saurin intanet ba.

Dalili kuwa shi ne rauta ba ta ƙirƙirar intanet da kanta. Karɓowa take yi daga wani wuri, sannan ta raba wa wayoyi da kwamfutocin da ke gidan. Idan abin da ta karɓo kaɗan ne, kaɗan ɗin za ta raba, ko da nawa aka saye ta.

Wannan batu ba ƙarami ba ne ga mai sana'ar POS da cinikinsa ke tsayawa cak da zarar sabis ya ɗauke, ko ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB wadda tun shekarar 2015 ake yin ta kacokan a kwamfuta, ko malamin makarantar da ke karatu daga gida a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya. Ga irin waɗannan mutane, kuɗin rauta da na datar wata guda kan cinye kaso mai tsoka na abin da suke samu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta ya koma naira 70,000 a shekarar 2024. Kuskure ɗaya wajen saye yana nufin an ajiye akwatin roba a kan teburi yana ƙyafta fitila kawai.

Hanyoyi biyu a na'ura ɗaya

Kowace rauta tana da fuska biyu. Akwai fuskar da take magana da duniyar waje, akwai kuma wadda take magana da na'urorin cikin gida. Ta cikin gidan ita ce ake kira Wi-Fi. Yawancin tallace-tallace da bayanan da ake karantawa game da rauta sun fi mayar da hankali ne a kan wannan fuska ta biyu, saboda an rubuta su ne domin mazauna biranen Turai da Amurka, inda waya mai ɗauke da intanet ke shiga har cikin ɗaki.

A can, mutum ya riga ya samu intanet mai ƙarfi a bakin bango, abin da ya rage masa kawai shi ne yadda zai watsa shi zuwa sauran ɗakuna. A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu kuwa lamarin a juye yake. Intanet yana zuwa ne ta iska, daga ƙarfen sabis na kamfanonin wayar salula, kuma a wannan tazara da ke tsakanin ƙarfen da gida ake yin asarar sauri.

Daga nan ne tarko na farko yake. Akwai rautoci masu kyawun gani, masu eriya huɗu ko shida a tsaye kamar ƙahoni, waɗanda kuma kuɗinsu bai kai na wasu ba, amma ba su da wurin saka layin waya. Irin waɗannan an yi su ne domin a jona musu waya daga bango. Wanda ya sayo irinta daga kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 ya dawo gida, zai tarar wayarsa ta kama Wi-Fi da cikakken ƙarfi, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce: tana cin layi?

Layi kafin na'ura

Tambaya ta biyu ba a shago ake amsa ta ba, a tsakar gida ake amsa ta. Wane kamfani ne sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a wannan gida, ba a wannan gari ba?

Najeriya na da manyan kamfanonin wayar salula huɗu. MTN da Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Airtel a shekarar 2010, sun fara aiki a shekarar 2001. Glo ya biyo baya a 2003, sai Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017, kana ya sake suna zuwa T2 a 2025. Kowannensu da inda ya kafa ƙarafunansa, kuma ba lalle ne wanda ya fi ƙarfi a bakin babban titin da ya ratsa Birnin Kudu ya zama shi ne ya fi ƙarfi a bayan gari ba. Yankin na da duwatsu da tuddai, kamar yadda duk wanda ya ziyarci duwatsun nan masu zanen mutanen da a Birnin Kudu ya sani, kuma dutse ko tudu ɗaya ya isa ya tare wa unguwa guda sabis ya bar maƙwabciyarta.

Gwajin ba ya buƙatar kashe kuɗi mai yawa. Sai a ari wayoyin 'yan uwa ko maƙwabta masu layuka daban-daban, a tabbatar kowace tana kan 4G, a auna saurin kowace a wuri ɗaya da manhajar Speedtest ko shafin Fast.com. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin gwajin. Da asuba kowane layi yakan yi gudu, domin jama'a ba su hau ba. Bayan sallar isha'i, lokacin da samari suka zauna a majalisa kowa da wayarsa, a nan ne ake gane gaskiyar layi, saboda ƙarfen sabis tamkar rijiya ɗaya ce da dukan gari ke ɗiba. Haka nan ranar kasuwa ba ɗaya take da sauran ranaku ba. Gwajin kwana biyu ko uku, safe da dare, ya fi duk wata shawara da za a samu daga wanda ke zaune a wani gari.

Sandunan nan da ke saman fuskar waya ba su cika faɗin gaskiya ba, domin kowane kamfanin ƙera waya da yadda yake lissafa su. Akwai wani ma'auni da ya fi su inganci, ana kiransa RSRP, wanda ake gani a cikin saitin wayoyin Android da dama da kuma shafin sarrafa rauta. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta. Idan tana kusa da -80, sabis na da ƙarfi sosai. Idan ta kai wajen -100, ya fara rauni. Idan ta wuce -110, to gidan yana bakin iyakar inda ƙarfen ke kaiwa, kuma wannan bayani zai sauya irin na'urar da ya kamata a saya.

Batun zango

Masu sauraron rediyo sun san bambancin gajeren zango da FM: wani yana cin dogon nisa, wani kuma ya fi tsabtar murya amma ba ya nisa da gari. Kwatankwacin haka ake samu a sabis ɗin 4G. Kamfanoni na aika saƙo a kan zanguna daban-daban, kowane da lambarsa.

Zangunan ƙasa, wato megahaz 700 da 800, waɗanda ake rubutawa B28 da B20 a jikin kwali, suna tafiya mai nisa, suna kuma ratsa bango. Zangunan sama, megahaz 1800 da 2600, wato B3 da B7, suna ɗaukar kaya mai yawa amma ƙarfinsu na saurin dusashewa idan aka yi nisa da ƙarfe. Saboda haka kamfanoni kan dogara da na sama a cikin birane masu cunkoso, yayin da na ƙasa suka fi amfani a karkara, inda ƙarfe ɗaya ke ciyar da ƙauyuka da yawa.

Waɗanda suka bibiyi yadda 4G ya fara yaɗuwa a Najeriya a shekarar 2016 za su tuna cewa Glo ya fara nasa ne a kan megahaz 700, kuma wayoyi da dama na wancan lokaci ba su iya kama shi ba, ba don sun lalace ba, sai don ba a ƙera su da wannan zango ba. Wannan matsala tana nan har yanzu a kasuwar rautoci na hannu. Na'urar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, alal misali, tana amfani da wasu zanguna na daban, kuma tana iya zuwa Jigawa ta kasa kama 4G ko kaɗan. Haka ma wadda wani kamfanin intanet da ke aiki a Legas ko Abuja kaɗai ya raba wa abokan cinikinsa.

Mai saye daga yankin Gwaram ya juya kwalin ya nemi waɗannan lambobi huɗu: B3 da B7 da B20 da B28. Rautar da ta rasa biyun ƙarshe ta birni ce, ko da an ba da ita a rabin kuɗi.

Lambobin da ke ruɗar mai saye

A gaban kwali akan buga manyan lambobi irin su 300 ko 1200, wani lokaci ma 3000, tare da kalmar megabit. Waɗannan saurin Wi-Fi ne na cikin gida, kuma ko shi ɗin ma a ɗakin gwaji aka auna shi. Fasahar Wi-Fi ta yi nisa ƙwarai tun da aka fitar da ƙa'idarta ta farko a shekarar 1997. Wadda ta fito a 1999 tana kaiwa megabit 11 a daƙiƙa, ta 2003 ta kai 54. Daga baya aka samu Wi-Fi 4 a 2009, da Wi-Fi 5 a 2013, da Wi-Fi 6 a 2019, da Wi-Fi 7 a 2024.

Sai dai a kwatanta waɗannan lambobi da burin da gwamnatin tarayya ta sanya wa kanta a shirin faɗaɗa intanet na shekarun 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami: megabit 25 a birane, megabit 10 a karkara. Ko Wi-Fi 4, mai fiye da shekara goma sha biyar a duniya, yana iya ɗaukar ninkin wannan ba tare da wahala ba. Biyan ƙarin kuɗi domin Wi-Fi 6 a gidan da megabit 10 ke shigowa daidai yake da shimfiɗa titi mai hannu huɗu domin amalanke ɗaya.

Lambar da ta fi cancantar a duba ƙarama ce, sau da yawa a bayan kwali take. Ita ce ajin 4G na na'urar, ana rubuta shi Cat 4 ko Cat 6. Aji na huɗu iyakarsa megabit 150, kuma shi ne a yawancin rautoci masu araha. Aji na shida iyakarsa 300, amma ba wannan ne ainihin amfaninsa ba. Amfaninsa shi ne yana iya haɗa zanguna biyu lokaci guda, ta yadda idan ɗaya ya cika da jama'a, ɗayan zai tallafa. Wannan yana aiki ne kawai idan ƙarfen da ke kusa yana watsa zango fiye da ɗaya. A tsakiyar Birnin Kudu ko Dutse ƙarin kuɗin na iya biyan kansa. A ƙauyen da zango ɗaya ke isowa daga nesa, gara a ajiye kuɗin domin eriya.

Batun 5G kuwa gajere ne. Hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisinsa a watan Disambar 2021, inda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri, Airtel kuma ya bi sahu a 2023. Zangon da ake amfani da shi, megahaz 3500, ba ya cin nisa, shi ya sa aka fara da manyan birane. Rautar 5G a wurin da babu 5G za ta koma aiki da 4G, bayan an biya kuɗin da ya fi na 4G ɗin. Kafin a saya, a tabbatar wata wayar 5G ta nuna alamarsa a cikin gidan.

Ta aljihu ko ta teburi

Rautoci masu cin layi kashi biyu ne. Akwai ƙaramar nan ta aljihu da aka fi sani da MiFi, mai batir a ciki, da kan yi sa'o'i shida zuwa takwas idan sabuwa ce. Akwai kuma ta teburi, mai aiki da wutar lantarki.

MiFi ta fi araha, ana kuma tafiya da ita kasuwa ko makaranta. Amma eriyarta ƙarama ce, ba ta wuce ta wayar salula da wani abin kirki ba, don haka inda waya ke shan wahalar kama sabis, ita ma za ta sha. Akwai kuma matsalar zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Jigawa kan haura digiri 40, kuma batirin da aka bari a caji dare da rana a ɗaki mai rufin kwano yakan kumbura. Batirin da ya kumbura haɗari ne, cire shi ake yi nan take. Ga mutum ɗaya ko biyu da ke zaune kusa da ƙarfe, ta wadatar. Ga gida mai ɗakuna da yawa, ba ta isa ba.

Ta teburi tana da manyan eriyoyi a ciki, tana ɗaukar na'urori masu yawa, tana kuma da kafofin jona kwamfuta da waya. Abin da ya fi komai daraja a jikinta ga mazaunin karkara shi ne wasu ƙananan kafofi biyu a bayanta, inda ake ɗaura eriyar waje. Ba kowace ce ke da su ba, kuma masu shago ba su cika ambata su ba.

Amfanin eriyar waje sananne ne ga duk wanda ya taɓa ɗaura eriyar talabijin a kan gora yana juya ta har hoto ya fito. Rufin kwano yana mayar da siginar baya, bango mai kauri, na ƙasa ne ko na bulo, yana shanye wani ɓangare nata. Eriyar da aka ɗaga sama da rufi, aka fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis, ta tsallake duka biyun. A gidan da ma'aunin RSRP ke nuna -110 a cikin ɗaki, wannan kaɗai na iya zama bambanci tsakanin intanet da ke yankewa da wanda za a iya kallon tafsiri da shi ba tare da tsayawa ba. Sai dai a kula da abubuwa biyu. Wayar da ta haɗa eriya da rauta kada ta yi tsawo, domin kowace mita tana cin wani abu daga ƙarfin siginar. Sannan ƙarfen da aka kafa sama da rufi yana jawo tsawa a lokacin damina, don haka yana buƙatar wayar da za ta sauke wutar zuwa ƙasa, kuma idan hadari ya haɗu a cire na'urar daga wuta.

Ko babu eriyar waje, wurin ajiye rauta na da tasiri. A ɗora ta sama, kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis, ba a ƙasa ko bayan talabijin ko cikin kabad ba. A gidajen da aka gina ɗakuna kewaye da tsakar gida, Wi-Fi na zangon gigahaz 2.4 ya fi kaiwa ɗakunan nesa, ko da yake na gigahaz 5 ya fi sauri ga wanda ke zaune kusa.

Wuta

Rautar teburi ba ta cin wuta sosai. Yawancinsu na aiki da bolt 12, kuma abin da suke ja bai cika wuce wat 10 ba, kusan daidai da ƙwan fitila ɗaya na zamani. Matsalar ita ce tana buƙatar wutar a kowane lokaci, kuma da zarar an ɗauke, intanet ya tafi. A jihar da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, inda ƙauyuka da yawa suka fi dogara da sola da janareta, dole a sanya wannan a lissafi tun farko.

Wasu rautocin teburi na zuwa da batir a ciki. Ga waɗanda ba su da shi, ana sayar da wani ƙaramin akwatin batir da ake jonawa tsakanin soket da rauta, wanda kan riƙe ta sa'o'i da dama. Mai sola a gida kuwa zai iya jona ta da batirin sola, muddin an bi ta na'urar daidaita wuta. A tabbatar ƙarfin wutar ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙarƙashin rautar, domin cajar da ba tata ba na daga cikin abubuwan da suka fi ƙona irin waɗannan na'urori.

Kulle ko buɗe

Kamfanonin waya na sayar da nasu rautocin a farashi mai sauƙi, galibi da kyautar data ta farko, amma a kulle suke, ba sa karɓar layin wani kamfani. Waɗanda ke cin kowane layi, irin na Huawei da ZTE da TP-Link da ake samu a kasuwa, sun fi tsada.

Idan gwajin tsakar gida ya nuna kamfani ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, babu laifi a sayi tasa, musamman da yake wasu tsare-tsaren data masu rahusa an keɓe su ne ga layin rautar kamfanin. Idan kuwa biyu sun yi kunnen doki, mai cin kowane layi ta fi, domin ranar da ɗaya ya ɗauke sai a sauya. Ɗaukewar kuma ba koyaushe daga kusa take ba. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, lamarin da ya shafi bankuna da masu amfani da intanet a faɗin Najeriya har tsawon kwanaki. A cikin ƙasa ma, aikin titi da ɓarayi kan yanke wayoyin da ke haɗa ƙarafuna, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa a shekarar 2024.

Akwai masu gyaran waya da ke buɗe rautar da aka kulle. Wani lokaci aikin na yi, wani lokaci na'urar ta mutu, kuma ko ta yi, garantin kamfani ya faɗi. Ko wacce aka saya, layin da za a saka mata sai an haɗa shi da lambar NIN, kamar kowane layin waya.

Kuɗin da ba ya ƙarewa

Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, na data kuwa kowane wata ne, kuma a cikin shekara guda yakan ninka kuɗin na'urar. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, don haka lissafin da aka yi kafin nan ya tsufa.

Akwai abin da sababbin masu rauta kan yi mamakinsa: datarsu ta fi saurin ƙarewa fiye da da. Galibi ba sata ba ce. Intanet mai megabit 10 yana iya sauke gigabait ɗaya cikin kimanin minti 13. YouTube da Facebook da TikTok suna ƙara ingancin hoto da kansu da zarar sun ga sauri, kuma sa'a ɗaya ta bidiyo mai tsananin kyau na iya cin gigabait biyu zuwa uku, alhali mai matsakaicin kyau ba ya kai ɗaya. Bugu da ƙari, wayoyi na ɗaukar Wi-Fi a matsayin kyauta, sai su shiga sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya cikin dare. Gida mai wayoyi takwas zai iya cinye datar wata a mako guda ba tare da kowa ya san yadda aka yi ba. Rage ingancin bidiyo da hana wayoyi sabunta kansu suna magance rabin matsalar.

Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka shi ma a karanta sharuɗɗansa. Wasu na rage sauri bayan an kai wani adadi, wasu kuma tun farko an ƙayyade saurinsu. Wanda ke da ƙorafi ya fara kiran kamfaninsa a lamba 300, idan bai gamsu ba akwai layin NCC na kyauta, 622.

Ragowar rabin matsalar kalmar sirri ce. Rauta na zuwa da kalmomin sirri biyu: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga shafin sarrafa na'urar. Ta biyun ce aka fi mantawa, kuma a na'urori da yawa kalma ce da kowane yaro mai wayo ya sani. A sauya duka biyun a ranar farko, a zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, a guji tsohon nan WEP da aka daɗe da karya shi. Tun da wayoyin zamani na iya miƙa kalmar sirri ga wata wayar ta hanyar ɗaukar hoton lamba, wanda aka bai wa a zaure zai iya raba wa majalisa guda. A shafin sarrafawa ana ganin sunan kowace na'ura da ke kai, ana iya korar baƙuwa, a wasu rautocin ma ana iya sanya lokacin da intanet zai rufe wa wayoyin yara, abin da iyaye da yawa za su so su sani.

Inda ƙarfe bai kai ba

Jigawa ba baƙuwar neman intanet daga sama ba ce. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, a lokacin da mafi yawan jihohi ba su fara tunanin haka ba. A yau hanyar tauraron ɗan adam da aka fi sani ita ce Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa na shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga doron ƙasa, kuma ba ya buƙatar ƙarfen sabis, sararin sama kawai yake so ya gani.

Amma ba za a kira shi mai araha ba. Kayan aikinsa sun kai dubban ɗaruruwan naira, kuɗin watansa ya kai naira 57,000 a shekarar 2025, kuma babbar faifansa na cin wutar da ta ninka ta rautar teburi sau biyar ko fiye. Ya fi dacewa da makaranta ko asibiti ko shagon kwamfuta, inda mutane da yawa za su raba nauyin.

A shekarar 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet a faɗin ƙasa, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ke jagoranta. Duk garin da wayar ta isa, rautar nan mara wurin layi za ta samu aiki a cikinsa. Da yawa daga cikin rautocin teburi masu cin layi suna da kafar da ke karɓar irin wannan waya, an rubuta WAN a kanta, kuma wanda ya sayi mai ita ba sai ya sake sayen wata ba.